Asabar Ɗin da Muka Buɗe Kabarin Evanthia

Ranar Talata matata Evanthia ta cika shekara biyar a ƙasa, ranar Laraba Fada Sotiris, limamin cocinmu, ya aiko mini da saƙo cewa an sa Asabar don tono ta. Ban yi gardama ba. Makabartarmu ba ta kai filin wasan makaranta ba, shekara biyar kowa yake samu ya kwanta, sannan mata su fito da ƙasusuwansa, su wanke da ruwan inabi, a sa a akwatin ƙarfe a kai ɗakin ƙashi da ke bayan coci. Haka aka yi wa uwata, haka za a yi mini in an sami mai yi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne layin ƙarshe na saƙon: za a nuna kai tsaye a shafin coci, saboda 'yan'uwa na waje.

Shafin nan a shekarar annoba aka buɗe shi, lokacin da aka rufe ƙofar coci, kuma ban ga laifinsa ba a lokacin. Annoba ta wuce, shafi ya zauna. Mai riƙe da shi Stamatia ce, ƙanwar matata, mace mai shekara sittin da shida wadda ta gano a ƙarshen rayuwa cewa Allah ya halicce ta ne don ta riƙe waya a kan sanda. Baftisma, aure, jana'iza, har ranar da kyanwa ta haihu a bayan bagade, duk sun hau. Rabin ƙauyenmu yana Stuttgart ta Jamus, wani rabin yana Melbourne, sauranmu tsofaffi ne da aka bari mu yi gadin makullai.

Bara aka tono Zoitsa, matar mai gidan burodi. Ƙasa ba ta gama cin ta ba. Duk wanda ya tashi a nan ya san abin da tsofaffin mata ke karantawa a ciki: ƙashi mai tsabta, mai launin zuma, alamar an gafarta wa mai shi, jikin da ya ƙi narkewa kuwa, akwai zunubin da ya riƙe shi. A da mutum takwas ke gani, su yi ƙus-ƙus na mako guda, magana ta mutu. Bara mutum ɗari huɗu suka gani. Kafin a mayar da ƙasa an riga an tuna shekarun da mijinta ya yi a Jamus, an tuna direban motar fulawa, an tuna abin da bai taɓa faruwa ba ma. Ɗanta Manthos bai sake taka coci ba.

Zan faɗi wannan don kada a ɗauke ni waliyyi: na kalli hoton nan na Zoitsa har ƙarshe. Sau biyu. Na karanta duk abin da aka rubuta a ƙasa, ina jan tsaki, ina gyara musu kurakuran rubutu a zuciyata, ban kuma ajiye wayar ba.

Evanthia ta sha maganin ciwon daji shekara biyu kafin ta rasu. An binne ta a gefen gabas, inda ƙasar yumɓu ce mai riƙe ruwa, taki biyar daga inda Zoitsa take. Shekara talatin da takwas na yi ina koyarwa a makarantar ƙauyen nan, kuma tun da na yi ritaya ba ni da aiki sai karatu. Na san abin da yumɓu yake yi wa gawa, na san ba ruwansa da zunubi. Na kuma san Kalliopi ta Melbourne, wadda ta fi kowa baki a shafin, ba ta karanta abin da na karanta ba.

Na sami Stamatia a ɗakin girkinta tana tsince alkamar da za a dafa don rabon sadaka.

"Malam da kansa," in ji ta. "Yau littattafan sun ba ka hutu ke nan?"

"Ba za ki ɗauki hoton yayarki ba."

"Sannu da zuwa dai tukuna. Zauna. Gahawa?"

"Na ce ba za ki ɗauka ba."

Ta ture tiren alkamar gefe. "To wa zai gaya wa 'yarka Rodoula? Kai ko ni? Yarinya na can da cikin wata takwas, likita ya hana ta hawa jirgi, tana kuka a waya kullum ba za ta ga uwarta ba. Kai kana da ƙafa, za ka tsaya a bakin ramin. Ita fa?"

"Ki kira ta ita kaɗai."

"Sai 'yan'uwanmu na Melbourne su ce me? Ita Evanthia ta kowa ce. Kai dai ba ka son mutane, tun kana saurayi haka kake, ban san abin da ta gani a jikinka ba."

"Kin manta Zoitsa?"

Ta ɗaga kai ta dube ni sosai. "Kana haɗa yayata da Zoitsa? Matar da ba ta taɓa fashin azumi ba? Za ka gani da idonka, ƙashinta kamar kakin zuma zai fito. Ina so duk duniya ta gani, don wasu su san irin gidan da muka fito."

A nan na gane ba za mu haɗu ba. Ita shaida take nema, ta riga ta gayyaci masu kallo, kuma ba ta taɓa kawo wa ranta cewa ƙasa za ta iya ba ta kunya ba. Na yi mata bayanin yumɓu da magani. Ta ce in kai wa ɗalibaina wannan darasin, in akwai sauran wanda ke saurare na.

Da rana Rodoula ta kira. Muryarta ta gaya mini an riga an kai mata rahoto.

"Baba, me ya sa kullum sai ka zama kai ne matsala?"

"Ina ƙoƙarin rufa wa uwarki asiri."

"Wane asiri? Mama tana da abin ɓoyewa ne?"

"Ba ta da shi. Su ne za su ƙirƙiro mata."

"Baba, ban zo jana'iza ba sai da aka rufe akwati. Yanzu kuma wannan. Ka bar ni in ga wani abu mana."

Na iya amsa wa mai gardama, amma ban taɓa iya amsa wa mai kuka ba, Evanthia ce ke wannan aikin a gidanmu. Na ce mata ta kula da kanta. Ta kashe ba sallama.

Ranar Juma'a na je wurin Fada Sotiris. Shekararsa talatin da huɗu, a layi na uku yake zama a ajina, yaro mai kirki da ba ya iya lissafi. Yanzu ni ke sumbatar hannunsa. Na same shi yana goge fitilun coci.

"Malam, na san abin da ya kawo ka."

"To ka sauƙaƙa mana duka, Fada. Ka hana."

"Ka san tsoho Mitros shekara uku bai tashi daga gado ba? Ta wannan wayar yake jin sujada kowace Lahadi. Akwai yara a Jamus da ba su san addu'a da harshenmu ba sai ta shafin nan."

"Ban ce ka rufe sujada ba. Sujada ta jama'a ce. Ƙashin matata ba na jama'a ba ne."

"Iyali ne suka nema. Ƙanwarta da 'yarta."

"Ni kuma maƙwabci ne ke nan."

Ya ci gaba da murza tsumma a hannu.

"Sotiris," na ce, na ajiye masa Fada a gefe, "kai ka karanta mana a cocin nan labarin 'ya'ya biyu da suka ɗauki mayafi suka shiga da baya don kada su ga tsiraicin mahaifinsu. Na ukun da ya leƙa ya fita yana ba da labari, ka tuna abin da ya same shi? Shi mutum biyu kawai ya gaya wa. Yaushe rabonka da ganin Manthos?"

Kunnuwansa suka yi ja kamar yadda suke yi a gaban allo. Ya ce zai yi addu'a a kai. Na ce ya yi da sauri, gobe ne.

Asabar da ƙarfe takwas na safe muna bakin kabari. Mai haƙa ya riga ya cire marmara ya kwashe ƙasar sama, ya tsaya da ya ji shebur ya taɓa katako. Daga nan aikin mata ne, da hannu ake yi. Mu tara ne. Mata biyu sun riƙe farin ƙyalle, ɗaya da kwanon ruwan inabi, ɗaya da kyandir da akwatin ƙarfe. Fada da littafi a hannu ɗaya, kaskon turare a ɗayan. Stamatia cikin baƙaƙen kaya, gashi a gyare, sanda a sama, tana gaya wa wayar cewa ga mu nan a makabarta, yanayi mai kyau, a sa yayarta a addu'a. Tsohuwa Vasilo, maƙwabciyarmu, ta tuɓe takalmi za ta sauka ramin.

"Vasilo, ina za ki?" na ce.

"Stamatia ce ta roƙe ni, Malam. Wai ciwon gwiwa take yi."

"Evanthia tana da ƙanwa. 'Yarta ba ta nan, ƙanwarta tana nan. Tun yaushe bare ke karɓar ƙoƙon kan mamaci alhali jininsa na tsaye yana kallo?"

"Ai ni ma abin da na gaya mata ke nan," in ji Vasilo, ta fara mayar da takalminta tun kafin a ce mata komai.

Stamatia ta dube ni ta gefen wayar, idon nan kamar za ta cinye ni. Ta rage murya. "Anestis, ana jin ka."

"Na sani. Su ma su faɗa. Akwai wanda uwarsa ta taɓa ba wa maƙwabciya wannan aikin?"

Ta juya wajen Fada. Ya kalli littafinsa, ya kalli ramin, sannan ya ce, "Haka al'ada take, Inna Stamatia. Ke ce za ki karɓe ta."

Da mutum takwas kaɗai ke wurin da ta yi gardama. Amma Melbourne na kallo, Stuttgart na kallo, ba za ta yarda a ce ta ƙi yayarta saboda gwiwa ba. Ta waiga tana neman wanda za ta ba wayar. Kowace mace hannunta cike, Vasilo na fama da takalmi, Fada hannunsa cike, mai haƙa laka har gwiwar hannu. Namiji mai makoki ba shi da aiki a wurin nan sai tsayuwa. Abin da ban lissafa ba ke nan a duk shirina.

"Riƙe," ta ce, ta cusa mini sandar. "Haka, kada ka karkata. Kada ka taɓa komai."

Suka taimaka mata ta sauka. Ta durƙusa ta fara yaye ƙasa daga kan murfin da hannu.

Na dubi gilashin wayar. Ga ramin, ga bayan Stamatia, ga katakon da na zaɓa da kaina shekara biyar da suka wuce. A sama an rubuta mutum ɗari uku da goma sha biyu. 'Yan jajayen zukata suna tashi daga ƙasa kamar kumfa. Na karanta littattafai cikin harsuna uku, amma ban san inda ake kashe abin nan ba. Na danna wata alama da na ɗauka ita ce. Ramin ya ɓace, sai ga fuskata ta cika gilashin, hanci da gemu da duk abin da shekaru suka yi mini.

Na ji katako ya yi ƙara a ƙasa. Ba ni da lokacin neman wata alama, kuma na ji tsoron in na sake dannawa hoton ya koma kan ramin. Sai na riƙe su a fuskata.

Sunaye na wucewa a ƙasan haɓata, kusan duk na san su. Na kira su kamar yadda na saba kowace safiya.

"Thanasis na gidan Gogos, kana nan. Ƙarfe nawa yanzu a Melbourne? Ba ka da abin yi? Ba ka zo jana'izar uwarka ba, amma ka samu lokacin ta matata. Kalliopi, ke ma kin iso. Na karanta abin da kika rubuta a kan Zoitsa bara. Kuskuren rubutu uku a layi biyu, ƙarya ɗaya babba. Matar nan ta ba ki burodi kyauta duk shekarar da ubanki ke kwance. Me kika zo gani yau? Launin ƙashi? In ya yi miki kyau ki aiko da zuciya ja, in bai yi ba ki tuno mana wani direba?"

"Malam," in ji ɗaya daga cikin masu riƙe ƙyalle, a hankali.

"Ban gama ba. Wanda ya zo addu'a, ba ya bukatar gani. Ya ajiye waya, ya tashi tsaye inda yake, ya ce Allah ya jiƙan baiwarsa Evanthia, sunan ke nan, ba wuya. Wanda ya zo kallo kuma, ga fuskata, ya kalla ya ƙoshi. Ni ma na yi irin wannan kallon bara, sau biyu, na san daɗinsa, na san kuma abin da yake mayar da mutum."

Lambar da ke sama ba raguwa ta yi ba. Ɗari uku da sittin, ɗari huɗu da biyar. Ana kiran juna a zo a ga Malam ya haukace.

Sai na ji ƙamshin turare kusa da kafaɗata. Fada Sotiris ya sa littafin a hammata, ya miƙo babban yatsa ya danna wani wuri a kusurwa, ya sake dannawa. Gilashin ya yi baƙi.

"Tun bara ya kamata in yi wannan," ya ce, ba tare da ya dube ni ba.

A lokacin ne na lura babu motsi a ramin. Stamatia ta ɗaga rabin murfin, tana durƙushe, hannunta ɗaya a baki. Na matsa na leƙa. Ba zan rubuta abin da na gani ba. Yumɓu ya yi abin da na ce zai yi. Ban taɓa baƙin cikin samun gaskiya a gardama kamar ranar ba.

Ta ɗago kai. Ba ni ta duba ba, sandar da ke hannuna ta duba.

"A kashe take," na ce.

Ta miƙa hannu sama, aka ba ta farin ƙyallen da aka kawo don naɗe ƙashi. Ta shimfiɗa shi a kan yayarta tun daga kai har ƙafa, ta soke gefe-gefe kamar mai gyara wa yaro bargo, ta karɓi kwanon ta yayyafa ruwan inabin a kai, ta mayar da murfin. Fada ya karanta addu'ar da ake karantawa in haka ta faru, ya ce sai bayan shekara biyu. Vasilo ta buɗe baki za ta ce wani abu. Stamatia, daga cikin ramin, laka har goshi, ta ce, "Vasilo, yumɓu ne. Kin ji ko? Yumɓu da magani." Vasilo ta rufe bakinta.

Wayata ta yi ta ruri a aljihu tun ɗazu. Na ɗauka.

"Baba, me ka yi? Kowa na kira na. Me ya sa aka kashe?"

"Ƙasa ba ta gama da ita ba, Rodoula. Za a mayar da ita, sai nan da shekara biyu."



"Ka san haka za a yi?"

"Na yi zato."

"Me ya sa ba ka gaya mini haka ba kawai?"

"Na ɗauka na gaya miki."

"Ba ka gaya mini ba. Wa'azi ka yi mini." Ta ja hanci. "Fada yana karatu har yanzu? Matsa kusa in ji."

Na matsa na riƙe wayar kusa da kafaɗar Fada, ita a Stuttgart tana amsa amin a inda ake amsawa, mai haƙa yana jira da shebur.

Ƙauye ya sani kafin azahar, ba yadda za a yi a ɓoye kabarin da aka sake rufewa. An yi ƙus-ƙus a shagon gahawa, na ga yadda aka yi shiru da na wuce. Amma babu hoto, kuma bakin da ba shi da hoto yana saurin gajiya. Ban da haka an ba su abin taunawa mafi daɗi. Wani ya yanko minti biyun da na yi ina magana ya watsa, zuwa la'asar mutum dubu tara sun kalla, yawancinsu ba su san inda ƙauyenmu yake ba. An kira ni mahaukaci, an kira ni jarumi, wani ya sa wa muryata kiɗa. Kalliopi ta rubuta cewa za ta kai ni ƙara. Na duba abin da aka rubuta har ƙasa, sau ɗaya tak sunan Evanthia ya fito, shi ma addu'a ce. Shekara talatin da takwas na mutunci suka tafi a minti biyu, kuma in aka ce in sake zan sake, sai dai zan gyara maganar da na yi wa Thanasis, don uwarsa ta rasu ne lokacin da aka rufe iyakoki.

Da yamma Stamatia ta zo da kwanon dafaffiyar alkama, da rumman da sukari a sama, wadda ba a samu an raba ba. Ta ajiye a tebur ta zauna ba a ce ta zauna ba. Akwai sauran laka a ƙarƙashin farcenta.

"Ka ba mu kunya a gaban duniya," ta ce.

"Na ba ku."

"Hancinka kuma ya fito kamar dankali."

"Me kika rubuta a shafin?"

"An yi addu'a, an ɗage zuwa shekara biyu. Ban ƙara ko kalma ba." Ta ture mini kwanon. "Fada ya ce daga yau sujada kaɗai za a riƙa nunawa. Makabarta babu. Ya tafi gidan Manthos ma, ban san ko an buɗe masa ƙofa ba."

Na ci cokali biyu. Ta cika sukari kamar kullum, Evanthia ta sha gaya mata.

"Miƙo wayar taki," na ce.

"Don ka jefa a rijiya?"

"Nuna mini inda Sotiris ya danna."

Ta ciro ta daga jaka, ta sa tabarau, ta jawo kujerarta kusa da tawa. "Nan kusurwa. Sai ya tambaye ka ko ka tabbata. Sai ka sake dannawa. Mutum da littattafai har rufi." Na gwada na danna wani wuri dabam, fuskokinmu biyu suka cika gilashin. Ta fizge wayar ta ce mu sake daga farko.